Ni da jirgin A da kular miyar kuka

Har yau ban yafe wa mutumin nan da ya kwatanta mini hanya ba, kun dai san shi. Ranar sunan 'yar Malam a Watertown aka ɗora mini kular miyar kuka, sati na uku ke nan da zuwana Boston. Na tambaye shi hanya, ya ce: "Je ka Park Street, Koren Layi, ka jira jirgin A."

Na je tashar, can cikin ramin Koren Layi, ɗaya daga layukan jirgin ƙarƙashin ƙasa na Boston, na dasa kaina. B ya zo ya wuce, C ya wuce, D, E, aka sake zagayowa. Kowanne tarago biyu kacal, cike maƙil kamar motar kasuwar ƙauye. Minti arba'in ina rungume da kula, daddawa tana sanar da jama'a zuwana.

Da na gaji sai na matsa kusa da wani tsoho mai jar hula, na ce, "Baba, don Allah A fa, ko ya makara ne?" Ya kalle ni, ya kalli kular, ya sake kallona. Sai dariya, har da tari da dafa gwiwa. Bai tsaya nan ba, ya yafito wata mata da ba ruwanta, wai ta zo ta ji. Ya sa na maimaita tambayar. Ni kuma don wauta na maimaita! Sannan ya ce ai an daina A tun 1969. Wato lokacin babana ko kaciya ba a yi masa ba.

Tsohon nan ya manne mini kamar ƙaska. Ya tura ni cikin B, ya biyo ni, karatu ya fara. Wai ramin nan a 1897 aka buɗe shi, shi ne na farko a Amurka, an haƙa ne don jiragen kan titi sun cushe titin Tremont. Rassa huɗu suke ɗurowa cikin wannan tsohon rami, shi ya sa ba a samun wurin ajiye ƙafa. D ma sai a 1959 aka haɗo shi, a kan tsohuwar hanyar jirgin ƙasa. Wa ya tambaye shi? Kuma duk jimla sai ya zungure ni da yatsa a kafaɗa.

Abu ɗaya ne bai faɗa ba, kwanar Boylston. Jirgi ya yi ƙara ƙiiii, ya karkata, murfi ya goce, miya ta gangaro kan farar shaddata ta yi yauƙi har takalmi. Nan take na samu filin da babu wanda ya samu a taragon.

A Kenmore na sauka na hau bas mai lamba 57, magajin A ɗin. Na tarar an shafa fatiha tuni. Mutumin naku yana bakin ƙofa da cinyar kaza a hannu, wai ina sauran miyar.