Labaran fasahar da ba su san hanyar Garwa ba

Duk mai bin shafukan labarai da mutanen Garwa, Marwa da Ngaundere, a arewacin Kamaru, ke karantawa a waya zai lura cewa abin da ake kira labarin fasaha bai wuce iri biyu ba. Ko dai sanarwar kamfanin sadarwa ce aka kwafo yadda take, har da hoton darakta yana yanke ƙyalle, ko kuwa wani abin al'ajabi ne daga Amurka ko Sin, mutum-mutumin da ke dafa abinci da makamantansa. Abin da ke ci wa mai waya tuwo a ƙwarya, wato dalilin ɗaukewar rezo (sabis ɗin waya) da inda kuɗinsa ke shiga, ba kasafai ake samun mai bin diddiginsa ba.

A ranar 14 ga Maris 2024, manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama har da Kamaru. Kafin wani bayani ya iso arewa, saƙonnin murya sun riga sun karaɗe WhatsApp cewa hukuma ce ta datse layi. Bai kamata a zargi jama'a da saurin yarda ba, domin sun ga jiya: a 2017 an rufe intanet a yankunan Kamaru biyu masu magana da Ingilishi na sama da wata uku, a Chadi kuma an toshe shafukan sada zumunta daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019. Wanda ya taɓa ganin haka yana da hujjar yin zato, aikin ɗan jarida ne ya bambance masa tsakanin waya da ta tsinke a teku da umarnin da ya fito daga ofis. Hakan kuwa ba zai yiwu ba sai marubucin ya san cewa wayoyin teku suna sauka ne a Duwala da Limbe da Kribi, cewa babban layin da ke kawo intanet arewa yana hannun Camtel, kamfanin gwamnati, MTN da Orange kuma haya suke yi, sannan Chadi, da ba ta da gaɓar teku, kaso mai yawa na intanet ɗinta ta Kamaru yake bi. Ke nan katafila ɗaya da ta yanke waya wajen gyaran hanya a Adamawar Kamaru tana iya sa mai shago a Njamena ya kasa tura kuɗi.

Batun kuɗi ma haka yake. A Janairun 2022 Kamaru ta fara cire harajin kashi 0.2 cikin ɗari a kan turawa da cirar kuɗi ta waya, wato sefa 100 a kan 50,000 wajen turawa, wata 100 kuma wajen cira, ban da ladan kamfani. Mai kol-bokis, wato mai sayar da kuɗin waya da tura kuɗi, da ke zaune ƙarƙashin laima, da takardar farashi a manne jikin teburinsa, zai warware maka wannan lissafi cikin minti ɗaya, alhali shafuka da yawa ba su taɓa zama sun yi shi ba.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Kamfanonin sadarwa suna cikin manyan masu ba da talla, ɗan rahoton da albashinsa bai taka kara ya karya ba kuma yana jiran ambulan ɗin da 'yan jarida ke kira gombo bayan taron manema labarai, ga kuma dokar laifukan intanet ta 2010 da ke hukunta yaɗa labarin da mutum bai iya tabbatarwa ba. Mu masu karatu da Hausa muna da ƙarin matsala, domin yawancin abin da ke iso mana an rubuta shi ne don Kano ko Kaduna. Shi ya sa lokacin da Najeriya ta tilasta haɗa layin waya da lambar ɗan ƙasa a ƙarshen 2020, saƙon ya yi ta yawo a nan tamkar mu ya shafa.

Labarai kuwa suna nan jibge, masu nema ne babu. A Afrilun 2024 kwastan ɗin Kamaru ya ba da umarnin kama na'urorin Starlink, kamfanin Elon Musk mai ba da intanet ta tauraron ɗan Adam, a Nuwambar shekarar kuma Chadi ta ba kamfanin lasisi, ga shi gada ce kawai tsakanin Kuseri ta Kamaru da Njamena, amma hoton Elon Musk ne ya cika shafuka. A 2023, bayan masu waya sun yi zanga-zangar kashe rezo na sa'o'i biyu kullum saboda tsada da rashin inganci, hukumar kula da sadarwa ta Kamaru, ART, ta ci kamfanonin waya huɗu tarar sefa biliyan 6. An buga sanarwar, an wuce. Editan da ke son a ɗauki shafinsa da muhimmanci sai ya tura wakili ya tambayi ART nawa aka biya daga cikin tarar, sannan ya auna ƙarfin rezo a Mokolo da Mora ya buga sakamakon.