Cigiyar Dutsen Sama

Ticha yana latsa waya a teburin mai shayi, Alhaji Bakano da Jauro suna jiran a soya musu ƙwai.

Ticha: Kun san ranar 1 ga Janairun 1801 wani limamin coci a Falamo ta ƙasar Italiya, Giuseppe Piazzi, ya hango wani ƙaton dutse yana zagaya rana tsakanin duniyoyin Mas da Jufita?

Alhaji: Dutse? Tifa nawa zai yi?

Ticha: Haba Alhaji, faɗinsa fa ya kai kilomita 940.

Alhaji: Kai! Takardun filin suna hannun wa?

Ticha: Ba kowa. Shi dai ya raɗa masa suna Seres, ya liƙa sunan Sarki Fadinan na Sisili a baya. Sauran Turawa suka ƙi yarda, aka yanke na sarkin.

Alhaji: Allah sarki, ya yi bambaɗanci ba a ba shi ko hula ba.

Ticha: Kuma tun 1800 masana taurari a Jamus suka tsara mutum 24 su raba sama su yi farautar abin. 'Yan sandan sama ake ce musu. Takardar gayyatarsu ba ta kai ga Piazzi ba ya riga su gani.

Jauro: Aradu 'yan sanda ne na gaske. Sai an kama ɓarawo su iso.

Ticha: To, Piazzi ya yi ta bin sawun dutsen har 11 ga Fabrairu. Ciwo ya kwantar da shi, dutsen kuma ya shige hasken rana, ya ɓace.

Jauro: Abu mai wannan girma? Wane irin makiyayi ne wannan!

Ticha: Sai wani saurayi Bajamushe, Gauss, ɗan shekara 24, ya karɓi 'yan lambobin da Piazzi ya rubuta, ya zauna da alƙalami, ya ce a duba wuri kaza. A Disambar shekarar aka duba, sai ga shi.

Jauro: Ƙasa ya buga ko wuri ya watsa?

Ticha: Lissafi ne zalla, Baffa.

Jauro: Ba ni lambarsa. Karsanata ta ɓace tun kaka.

Ticha: Ai ya mutu tun 1855.

Jauro: Bai bar almajirai ba?

Ticha: Suna nan, amma lissafin sai abin da ke zagaya rana.

Jauro: Yauwa, kira su! Ita ma kullum cikin rana take zagayawa.