Magsaysay na Filifin ya tuna mini da Murtala, amma akwai Mindanao

Shekarata huɗu ke nan a Manila. Mutanen nan ba sa raga wa shugabanninsu, na da da na yanzu, amma da an ambaci tsohon shugaban ƙasarsu Ramon Magsaysay sai ka ji murya ta yi laushi, har a bakin waɗanda iyayensu ma ba su riske shi ba. Nan take nakan tuna yadda dattawan Kano ke ambaton Janar Murtala Muhammad.

Magsaysay bakanike ne. An haife shi a 1907 a garin Iba na lardin Zambales, ya yi gyaran motoci a wani kamfanin bas, da Japan ta mamaye ƙasar kuma ya shiga daji cikin 'yan sari-ka-noƙe. Bayan yaƙi ya je majalisa a 1946, sannan a 1950 Shugaba Elpidio Quirino ya naɗa shi ministan tsaro, a daidai lokacin da 'yan tawayen Huk suka addabi tsakiyar tsibirin Luzon.

Akasarin Huk manoma ne 'yan haya, waɗanda ke noma gonar wani su miƙa masa kaso mai tsoka na amfanin. Shugabanninsu na bin gurguzu, amma abin da ya kai talaka daji shi ne bashi da rashin gona, da sojan gwamnati da ke shiga ƙauye ya kwashe kaji ya mari dattijo. Magsaysay ya fara da nasa gidan. Yakan dira a barikin soja ba sanarwa, ya tuɓe kwamandan da ya samu da sakaci ko zalunci, ya ɗaga wanda ya yi aiki. Ya sa lauyoyin soja su tsaya wa manoma a shari'ar gona. Sannan ya yi shelar cewa wanda ya ajiye bindiga zai sami fili. A watan Mayun 1954 jagoran Huk Luis Taruc ya miƙa wuya.

Idan na kira gida aka ba ni labarin Zamfara ko Katsina, wannan jerin nake tunawa. Muna ta muhawara a kan sulhu ko wuta, kamar babu na uku. Muna da shirin karɓar tubabbun Boko Haram a Gombe tun 2016, amma tambayar da Magsaysay ya fara amsawa ita ce muke tsallakewa: idan mai kaki ya cuci ɗan ƙauye, wa zai kai wa kuka, kuma kwana nawa kafin a share masa hawaye? Mutumin da ke tsoron ɗan bindiga da jami'in tsaro daidai wa daida ba zai tsegunta wa kowa komai ba.

Magsaysay ya lashe zaɓen shugaban ƙasa na 1953 da gagarumin rinjaye, aka rantsar da shi sanye da barong, rigar gargajiyarsu, ya buɗe ƙofar fadar Malacañang talakawa suka cika ta. Ya kafa kwamitin karɓar koke-koke a ofishinsa, mutum ya buga waya daga ƙauye a duba masa. Mu ma a zamanin Murtala, cikin 1975, aka kafa Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, kuma tana nan har gobe. Ku tambayi mutum goma a kasuwar Sabon Gari inda ofishinta yake. Bambancin, a ganina, shi ne a can jama'a sun yarda cewa shugaban da kansa zai iya bin sawun takardar.

Ba waliyyi ba ne. Kowa ya san Amurka ta dafa masa, kuma jami'in leƙen asirinta Edward Lansdale na gefensa tun yana minista. Wannan bai dame ni ba kamar abin da na ji a unguwar Quiapo ta Manila, a masallacin da muke sallar Juma'a.

Wani dattijo ɗan ƙabilar Maranao, mai sayar da turare da hula, na yaba masa Magsaysay ina tsammanin zai taya ni. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaro, ka tambaya a ina aka sami filin da aka raba?" A tsibirin Mindanao da ke kudancin Filifin aka samo shi, a wurare irin su Kapatagan a Lanao da Buldon a Cotabato, ƙasar Musulmi da sauran 'yan asalin yankin. Tsofaffin 'yan Huk da suka koma can ƙalilan ne, amma hukumar sake tsugunar da jama'a da ya kafa a 1954 ta faɗaɗa hanyar da aka buɗe tun mulkin Amurka, Kiristocin arewacin Filifin suka yi ta kwarara da takardar mallaka a hannu, masu ƙasar kuwa gado suka sani, ba takarda ba. Kafin a cika shekara ashirin yaƙin Moro, wato Musulmin kudancin Filifin, ya ɓarke. Ba shi kaɗai ya haddasa shi ba, amma da hannunsa a ciki. Duk wanda ya san yadda aka nome burtali da makiyaya a ƙasarmu, aka ba wani takarda a kan inda wani ke kiwo tun kaka da kakanni, ba ya bukatar dogon bayani.

Ranar 17 ga Maris 1957 jirgin saman da ke ɗauke da Magsaysay ya faɗi a dutsen Manunggal da ke Cebu, mutum ɗaya ne ya tsira, ɗan jarida Nestor Mata. Murtala kuwa an harbe shi a Legas ranar 13 ga Fabrairu 1976, bai cika wata bakwai a kan mulki ba. Dukansu sun tafi kafin jama'a su gaji da su, kuma ina ganin hakan ya ƙara wa sunansu haske.

Har yanzu ina girmama mutumin, kuma da za a ce in kawo abu ɗaya gida daga tarihinsa, ministan da ke dirar wa bariki ba sanarwa zan kawo. Shi kuwa dattijon Quiapo, da na koma Juma'ar da ta biyo, ya zaunar da ni ya zana mini tafkin Lanao a bayan wani kwali, ya nuna inda gonar kakansa take.