Jerome Robbins ya wuce West Side Story

Gaskiya na ji daɗin wannan labari da kuka rubuta kan Jerome Robbins, Ba'amurke mai tsara raye-raye, amma kun tsaya kan wasan kiɗa da rawa na West Side Story kawai alhali mutumin nan tun 1944 ya tsara rawar bale ta Fancy Free, labarin sojojin ruwa uku da suka sauka New York hutu suna neman 'yan mata, daga ita ma aka fitar da wasan On the Town. Ya yi shekaru a ƙungiyar rawar bale ta New York City Ballet tare da George Balanchine, shi ma mai tsara rawa. Ni wallahi abin da ya fi taɓa ni rawar kwalabe ce da ya tsara a wasan Fiddler on the Roof, maza da kwalba a saman hula suna ja da gwiwa a ƙasa, kwalbar ko gezau. Har yanzu ina komawa in kalla.