La'ada sai bayan ciniki ya faɗa

Wallahi abin nan yana ƙona mini rai. Za ka sayi gida, dillali ya yi ta zagayawa da kai, amma ba zai taɓa buɗe baki ya faɗi la'adarsa ba, balle a rubuta wa zai biya. Sai ciniki ya faɗa, an zo biyan kuɗi, sannan ka ga wasu sun bayyana, kowa na rantsuwa shi ya haɗa ku. Har wanda lambar waya kawai ya bayar yana neman kasonsa! Mafi ciwo, wani ya karɓa wajen mai gida, ya karɓa wajenka, alhali ya riga ya ɗora nasa a kan farashin a ɓoye. To wa yake wakilta a cikinku?