Wa ya bar Marta a gindin murhu?

Bara ranar Kirsimeti, a majami'armu ta wani ƙauye a ƙasar Sumaila, ana cikin karanta Linjilar Luka sura 2, labarin haihuwar Yesu, na waiwaya ɓangaren mata. Benci huɗu, daga tsofaffi uku sai yara. Tulun da 'yan Zumuntar Mata ke bugawa yana jingine da bango, babu mai taɓa shi. Mu kuwa maza mun cika namu ɓangaren maƙil, kowa ya sha sabuwar shadda, sai ƙamshin turare ke tashi. Ta taga kana hango hayaƙi a kan kowane gida.

Innata tana cikin hayaƙin nan. Tun asuba ta ɗora tukunyar shinkafa, ga naman akuyar da ba mu yanka ba sai da gari ya waye, ga kwanuka a jere na maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda su ma ba sa mantawa da mu ran Sallah. Ta iso coci ana addu'ar rufewa, idanu jajur, zani duk warin hayaƙi. Matar da ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya ba ta fashin taron addu'a, ita ce ta rasa sujadar haihuwar Mai Ceto.

Kowa ya san Disamba a wajenmu. An yanke dawa ana sussuka, an kai wake da gyaɗa kasuwa, kuɗi sun ɗan shigo hannu. 'Yan cirani sun dawo daga Legas da Abuja. Aure kuwa kowace Asabar, don kowa yana so ya yi nasa jama'a na gida. Mai neman dabba ya nufi Wudil ran Juma'a, samari sun tare a shagon tela har tsakar dare. Ban ga laifin ko ɗaya ba, ni ma ina son sabon ɗinki da tuwon shinkafa.

Inda nake da magana shi ne yadda muke wa'azin Marta da 'yar'uwarta Maryamu, waɗanda Yesu ya baƙunci gidansu. Kusan duk shekara sai wani ya buɗe Luka 10, daga aya 38 zuwa 42, ya ce Marta ta shagala da hidima, Maryamu da ta zauna tana sauraron Yesu ta zaɓi rabo mai kyau. Gaskiya ne, haka Yesu ya faɗa. Amma mai wa'azin nan yana sauka daga bagade zai wuce gida ya tambayi abinci, in bai nuna ba ya ɓata rai. Mu muka ɗaure Marta a madafa, mu ne kuma muke ɗora mata laifi. Ashe shagalar ba ta mata ba ce, ta gidan ce gaba ɗaya, kuma maigida ne kan gaba.

Gyaran ba ya bukatar ko sisi. A yi yanka ranar 24 ga wata, a soya naman tun da yamma, sanyin hunturu ba zai bar shi ya lalace ba. Samarin da ke yawo da waya su faskara itace, su cika randuna. Rabon abincin maƙwabta ya jira a tashi daga sujada, ba wanda zai yi fushi don shinkafa ta zo da azahar. Dattawan ikilisiya kuma su tambayi mata lokacin da ya fi musu sauƙi kafin su sa ƙarfe nawa za a fara, su kuma rage dogayen sanarwa da gwanjon baiko da ke cinye rabin yini.

Sannan a dawo da karatu cikin gida. Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Kakana bai yi boko ba, amma daren Kirsimeti sai ya tara mu a gindin wuta, ya sa jika ya karanta labarin makiyaya da komin dabbobi a Baitalami, aya ashirin kacal, mu da muka san warin garke ba ma bukatar a yi mana bayani. Yanzu a daren nan kowa na neman inda zai yi cajin waya.

Bana na ce wa Inna ni da ƙannena za mu yi fiɗa da suya tun ranar jajibere, ita ta je ta buga tulunta. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ɗin? To, Allah ya sa kada ku ƙona min nama."