Wannan haɗin ba sabo ba ne

Marubucin wani labari da na karanta ya ce hawan mawaƙin rock dandamali da tawagar masu goge da sarewa da ƴan amshi sabon abu ne. Ban yarda ba. Ƙungiyar mawaƙan rock ta Deep Purple ta yi wasa da tawagar masu goge da sarewa a Landan tun 1969, ƙungiyar Metallica ma a Berkeley, kusa da San Francisco, a 1999. Wahalar ita ce ƙarar jita mai lantarki na danne goge, sai an saita sauti da kyau. Ga wanda ya ce ba ruwanmu da wannan haɗin, da ruwanmu mana! Mdou Moctar ɗan jihar Tawa ne, duniya na sauraren jitarsa. Me ya hana a haɗa shi da masu algaita da gurumi da ƴan amshi a zauren taro na Palais des Congrès nan Yamai?